Babi na Bakwai: Wane Ne Ɗan Gida a Tukunyar Dalijan?

A Dalijan, kamar sauran garuruwan ƙasar Gwandu, in aka ce a yi wa babban baƙo abincin gargajiya kowa ya san abin da ake nufi. Tuwon shinkafa ne mai laushi, ko na dawa, da miyar kuka ko ta sure ko ta gyaɗa, a yanka albasa, a jefa tattasai da attaruhu, a ajiye yaji a gefe. Da rana a dama fura. In baƙon zai koma a ɗaure masa tsarabar ƙuli-ƙuli da kilishi. Ba wanda zai yi musu cewa wannan ita ce cimar iyaye da kakanni.

Amma in aka bi kayan nan ɗaya bayan ɗaya ana tambayar kowanne daga ina ya fito, sai a ga tukunyar cike take da baƙi. Gero da dawa da wake da kuka da kuɓewa da ɗorawa 'yan Afirka ne. Gyaɗa kuwa, da barkono da dukkan danginsa, da tumatir da masara da rogo da dankali, daga nahiyar Amurka suka fito, kuma ba ɗayansu da ya ƙetaro teku kafin tafiyar Kolumbus ta 1492. Mutanen da suka rayu a ƙasar Kabi kafin ƙarni na 16 ba su taɓa gatsa ƙuli-ƙuli ba, zafin miyarsu kuma daga masoro da kimba da citta yake fitowa. Kilishin da muke alfahari da shi, labunsa na tunkuzar gyaɗa ne da barkono.

Wannan ba ya rage wa abincin nan daraja ko kaɗan. Abin da yake nunawa shi ne, tambayar "daga ina ya zo?" ba ta isa ta raba na gida da na waje ba. Tambayoyin da suka fi nauyi su ne: a hannun wa sanin yadda ake yin abin yake, kuma aljihun wa kuɗinsa ke shiga? Da wannan ma'auni za mu auna abin da kasuwar duniya ke yi wa tukunyarmu a yau. Kafin nan, yana da kyau mu leƙa ƙasar da ta fi kowace ƙasa kishin asalin abincinta.

Yadda Italiya ta gina "na asali"

A yau ba a raba girkin Italiya da jar miyar tumatir. Sai dai tumatir baƙo ne a can kamar yadda yake a nan. Ya isa ƙasar a tsakiyar ƙarni na 16, ya daɗe ana ɗari-ɗari da shi. Sai a shekarun 1690 aka fara buga yadda ake miyarsa a wani littafin girki na birnin Napoli, haɗa shi da taliya kuwa sai can daga baya ya bayyana a rubuce. Talakan arewacin ƙasar a wancan zamani ba taliya ce cimarsa ba, tuwon masara ne, har cutar fata da ake kira pelagra ta addabi yankin saboda dogaro da masara ita kaɗai. Italiya ba ta zama ƙasa ɗaya ba sai 1861, kuma a 1891 ne Pellegrino Artusi ya tattara girke-girken yankuna a littafi guda da ya shiga gidaje. Miliyoyin talakawan da yunwa ta kora zuwa Amurka tsakanin 1880 da 1920 su ne suka samu nama da cuku a wadace a can, suka sake wa abincin ƙauyukansu fasali, suka tallata shi ga duniya.

Shi ya sa a 2023, lokacin da wani malamin tarihi na jami'ar Parma, Alberto Grandi, ya gaya wa jaridar Financial Times cewa wasu girke-girken da ake rantsuwa da daɗewarsu 'yan bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne, ciki har da taliyar Rum da ake kira carbonara, ƙasar ta ɗauki zafi. Ya taɓa abin da mutane ke ji da shi, ya kuma taɓa abin da suke ci da shi.

Domin Italiyawa ba a baki kawai suka bar kishin ba. A 1986, da kamfanin McDonald's ya buɗe shago a wani shahararren dandali na birnin Rum, Carlo Petrini da abokansa suka tayar da yunƙurin da ya zama ƙungiyar Slow Food, mai kare cimar yankuna da ƙananan manoma. A 1992 Tarayyar Turai ta yi dokar kare sunayen abincin da ke da alaƙa da wani yanki. Ƙarƙashinta, cuku ba ya amsa sunan Parmigiano Reggiano sai an yi shi a Parma ko Reggio Emilia ko Modena ko wasu sassan Bologna da Mantova, da madarar shanun yankin, a kuma ajiye shi aƙalla wata 12 ya nuna. A 2017 hukumar UNESCO ta sa sana'ar masu gasa fiza na Napoli cikin kayan gadon duniya. Wato sun ɗauki abin da ya zo musu daga waje, suka ƙware a kansa, suka rubuta ƙa'idarsa, suka sa masa sunan garinsu, sannan suka sayar wa duniya da tsada. Mu ma mun yi na farko da na biyu. A sauran ukun aka bar mu.

Shinkafa uku a fadama ɗaya

Ba abin da ya fi nuna wannan a Kebbi kamar shinkafa. Afirka tana da tata shinkafar, wadda aka fara nomawa kimanin shekara 3,000 da suka wuce a fadamun kogin Kwara da ke Mali ta yau. Ita ce jar shinkafar da tsofaffin manoman fadamar gulbin Kabi suka sani, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi da Kalgo da Bunza. Wasu irinta suna ƙara tsawo yayin da ambaliya ke ƙaruwa, kansu na bisa ruwa har lokacin yanka. Tana jure ciyawa da ƙwari, ba ta neman taki mai yawa, tana da gardi, tana kuma riƙe ciki. Aibinta shi ne ba ta da yawan amfani, tana zubewa a gona in an yi jinkirin yanka, tana kuma karyewa wajen sussuka.

Ta biyu ita ce farar shinkafar Asiya, wadda Turawan Fotugal suka kawo gaɓar Afirka ta Yamma tun daga ƙarni na 16, ta yi ta shigowa ciki sannu a hankali. Irin da ya mamaye noman rani a Kebbi a yau, FARO 44, daga wannan dangi yake, kuma asalinsa daga Taiwan aka samo shi. Manomin da ya haƙa rijiyar burtsatse a fadama, ya sa injin ban ruwa, ya sayi taki, dole ya nemi irin da zai mayar masa da kuɗinsa cikin wata huɗu. Ba wanda zai ga laifinsa.

Ta uku ba a fadama ake noma ta ba, a buhu take zuwa. Tun zamanin arzikin man fetur na shekarun 1970 jiragen ruwa suka fara sauke turararriyar shinkafar ƙasashen waje, wadda daga baya ta Tailan da Indiya suka fi yawa a cikinta, mutane suka sa mata suna 'yar gwamnati. Doguwa ce, ba tsakuwa, ba ƙaiƙayi, tana dahuwa warawara. Matar da ta saba zama da ƙwarya biyu tana rege 'yar Hausa, tana karkata ruwa a hankali har tsakuwa ta kwanta a gindin ƙwarya, ta samu wadda za ta wanke sau ɗaya ta zuba a tukunya. Daga nan ma'aunin shinkafa mai kyau ya sauya. Dafa-duka da soyayyar shinkafa suka ture tuwo daga teburin biki, har ta kai a wasu gidajen rabon tuwo ranar ɗaurin aure alama ce ta rashin hali.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin juya akalar. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da kaya 41 kuɗin waje a farashin hukuma, shinkafa da tumatirin gwangwani na ciki. A watan Nuwamba na shekarar Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kebbi ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers. A ƙarshen 2016 jihohin Legas da Kebbi suka fito da shinkafar haɗin gwiwa mai suna Lake Rice. Injinan casa na zamani suka tsaya, irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu, wanda aka buɗe a 2017. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ciki har da ta Kamba, don tare shinkafar da ke biyowa ta Kwatano, ba a kuma fara buɗe su ba sai Disambar 2020.

A wannan tsakanin ne aka ga wani abu da ya kamata mai tunanin asali ya tsaya a kansa. Wasu 'yan kasuwa na zuba shinkafar gida a buhun 'yar waje don mai saye ya yarda da ita, wasu kuma na zuba 'yar waje a buhun kamfanin gida don ta wuce jami'an kwastan. Buhu ya zama shi ne shaida, ba abin da ke cikinsa ba. Shinkafar Kebbi da ta yi nasara a kasuwar Legas kuwa ta yi ne don ta koyi kama da 'yar Tailan: doguwa, turararriya, gogaggiya. Manomi ya samu kasuwa, wannan alheri ne babba. Amma jar shinkafar kakanni ba ta cikin wannan nasara.

Abin da ya hana ɗanyar shinkafar gida ɓacewa shi ne tuwo da masa da sinasir. 'Yar gwamnati ba ta tuƙuwa, ba ta kuma yin ƙullu mai tashi. Muddin ana son masa ranar Juma'a da tuwon shinkafa ranar salla, dole a nemi shinkafar tuwo a kasuwar Jega ko Kalgo ko Gwandu. Girki ne ke tsare iri. Kuma tsohon iri ba kayan tarihi ba ne kawai. A shekarun 1990 masanin aikin gona ɗan Saliyo, Monty Jones, ya yi nasarar aurar da shinkafar Afirka da ta Asiya ya samar da irin NERICA, aikin da ya ba shi babbar kyautar abinci ta duniya a 2004. Da manoma sun riga sun watsar da jar shinkafa, da bai samu abin da zai aura ba.

Daddawa da dunƙule

In shinkafa ta sauya cikin kwano, dunƙulen magi ya sauya bakin mai ci ne. Kamfanin Julius Maggi na Suwizalan ya fito da dunƙulen a 1908, Nestlé ta saye kamfanin a 1947. A 1908 ɗin ne kuma wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin da ke ba romo daɗinsa, wanda daga gare shi aka samu farin magi na Ajinomoto. Yau babu ɗan teburin da ke ƙauyukan Gwandu da ba a samun su, kuma ko da naira kaɗan mace za ta saya.

Sinadarin nan da Ikeda ya gano, matan ƙasar Hausa sun daɗe suna samar da shi ba tare da ɗakin gwaji ba. Ga yadda aikin yake. A fasa 'ya'yan ɗorawa, a ware garin rawaya na sha, a ajiye makuba don daɓe, a fitar da kalwa. A dafa kalwar wuni guda ko kwana, ana ƙara ruwa ana ƙara itace, har ɓawonta ya saki. A surfa a turmi, a wanke, a tsince. A sake dafawa da ɗan kanwa, a tsane, a zuba a kwando ko ƙwarya tun da zafinta, a rufe da ganye da buhu, a sa a ɗaki mai ɗumi. Bayan kwana biyu zuwa uku wari zai sanar da maƙwabta cewa ta yi. A lokacin ƙwayoyin halitta masu amfani sun narkar da furotin ɗin kalwar sun fito da ɗanɗanon. Sai a kirɓa, a mulmula ko a faɗaɗa, a shanya. Inda ɗorawa ta yi ƙaranci akan yi daddawar batso da 'ya'yan sure, yanzu kuma har da ta waken suya. Kowace mai daddawa da hannunta. Tsohuwar da ta san miya tana iya ɗanɗanawa ta faɗi daga wane gida aka sayo.

Dunƙule ya zo da sauƙi da arha, ba wari, ba ya lalacewa. Ga matar da ke girka wa mutum goma sha biyar ba nama, taimako ne na gaske, kuma duk mai zaginsa daga nesa bai taɓa riƙe cefanen babban gida ba. Amma yana da farashin da ba a rubuta a takardarsa ba. Kusan rabinsa gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, ga hawan jini ya zama ruwan dare. Daddawa kuwa abinci ce a kanta, mai gina jiki. Sannan kuɗin daddawa a gari yake juyawa, daga mai itacen zuwa mai dafawa zuwa yarinyar da ke talla, na dunƙule kuwa yana bin motar dillali ya fita.

Babbar asarar ita ce ta harshe. Miyar kuka da ta kuɓewa da dafa-duka da ɗanwake da kwaɗon zogale duk sun koma suna ƙarewa da ɗanɗano ɗaya, wanda shi ne a Dalijan, shi ne a Legas, shi ne a Dakar. A gidaje da yawa za ka ji amarya ta ce wa uwar mijinta, "Inna, miyar nan ba a sa magi ba?" ita kuma ta amsa, "Ɗiyata, ɗanɗana tukuna." Yaron da ya tashi a kan dunƙule yana jin miyar daddawa zalla salam. In masu saye suka ragu, masu yi za su ragu, kuma itacen ɗorawar da ba ta kawo kuɗi gatarin mai gawayi take jira.

Tumatirin da ya zaga duniya, da taliyar da ta zama 'yar gida

Gwangwanin tumatir ya haɗa mu da Italiya kai tsaye. Shekaru da dama sunan Italiyanci da launin tutar Italiya a jikin gwangwani su ne alamar inganci a kasuwanninmu. A 2017 wani ɗan jaridar Faransa, Jean-Baptiste Malet, ya wallafa littafin da ya bi sawun wannan ciniki, ya nuna yadda ake noma tumatir a lardin Xinjiang na ƙasar Sin, a dafa shi ya yi kauri a zuba a ganguna, a kai wasu masana'antun kudancin Italiya a sake zubawa a gwangwani, a turo Afirka. Sunan da Italiyawa suka gina da gumi ya zama riga da ake sa wa kayan wani. Duk wannan na faruwa ne yayin da tumatirin manomanmu ke ruɓewa a kwanduna lokacin kaka, mata na yanka shi suna shanyawa a ƙasa don yin kauɗa. Masana'antar sarrafa tumatir da kamfanin GBfoods na Sifaniya ya kafa a ƙaramar hukumar Ngaski ta rage tsawon wannan tafiya, ko da yake ragamar tana hannun baƙo.

Taliya kuma ta nuna ɗaya fuskar. Wace yarinya ce a ƙasar Hausa ba ta san ɗan injin murza taliya da ake ɗaurewa a bakin benci ba? A kwaɓa fulawa da ruwa da gishiri, a murza, a rataya a igiya ko a baza a tabarma ta bushe, a dafa, a ci da manja da yaji, wani lokaci da wake. Alkamar daga waje ake shigo da mafi yawanta, dabarar injin ma ta waje ce, amma ba wanda ke jin nauyin kiranta taliyar Hausa, kuma ta cancanci sunan. Sanin yana hannun matan aure a cikin gida, ribar tana sayen sabulu da littafin makaranta. Kwatanta ta da Indomie, wadda ta fito daga Indunusiya aka kuma fara yin ta a Ota ta jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990: ita ma ta shiga ko'ina, har teburin mai shayi, amma ɗanɗanonta a ƙulle yake cikin 'yar leda, ba abin da mai dafawa ya sani game da shi sai yagewa.

Darasin Galmi

A 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a Gwandu, kuma cikin abubuwan da ya yaba a rubuce har da girma da ingancin albasar garin. Har yau albasa na cikin abin da wannan yanki ke taƙama da shi, Aliero ta zama cibiyar da manyan motoci ke lodi zuwa kudu da ƙasashen maƙwabta. Amma da zarar buhun ya bar tasha, sunan garin ya ɓace.

'Yan'uwanmu na Nijar sun sha wannan gwagwarmaya. A ƙarshen shekarun 2000 wani kamfanin iri da ke Senegal ya nemi rajistar mallakar irin albasar garin Galmi na Nijar a hukumar OAPI mai kula da haƙƙin fasaha a ƙasashen Afirka da yawancinsu renon Faransa ne. Manoman Nijar da gwamnatinsu suka tashi tsaye, kamfanin ya janye daga sunan. Ba su tsaya nan ba, sai da suka kai ga yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasarsu. Hausawa ne kamarmu, da irin fadamarmu da irin namanmu.

Ba sai mun kwaikwayi Italiya har wajen faɗa kan wane ne ya ƙara albasa a girkin da ba a san shi da ita ba. Abincin da aka hana shi sauyawa ya kama hanyar mutuwa, kuma da kakanninmu sun ƙi baƙo da ba mu da miyar gyaɗa. Abin koyi shi ne rubutawa, da sa suna, da tsare inganci. Jami'ar Tarayya da ke kan hanyar Kalgo da jami'ar kimiyya ta jiha da ke Aliero suna da ɗalibai da za su iya zama gaban tsofaffin mata a Dalijan da Kambaza da Gulmare su rubuta yadda ake hoce da gumba da daddawar batso, su kuma tattara tsofaffin irin shinkafa daga rumbunan da suka rage a ajiye su. Ƙungiyoyin mata masu gumin shinkafa da masu daddawa za su iya amincewa da ƙa'ida ɗaya ta tsafta da awo, su sa sunan garinsu a leda, su kai kasuwar Abuja inda masu hawan jini ke neman abin da zai maye musu dunƙule. Masarauta da ƙananan hukumomi na da ikon hana sare ɗorawa da sa a dasa sabuwa, domin itace ne da ke ɗaukar shekaru kafin ya fara 'ya'ya.

Saura kuma na mai cefane ne. Duk magidancin da ya ce a sa daddawa a rage dunƙule, duk uwar biki da ta raba tuwo da masa ba tare da jin kunya ba, ta ƙara wa wata sana'a kwana a garinsu. Kasuwar duniya ba za ta daina shigowa Dalijan ba, kuma ba ma fatan ta daina. Abin da ya rage gare mu shi ne mu shiga cikinta da kayan da ke ɗauke da sunanmu, waɗanda mu muka san sirrinsu, mu ne kuma za mu yanke musu farashi. A babi na gaba za mu gangara gulbi, mu ga yadda wannan ciniki ya kasance tsakanin kifin Sarkawan Argungu da Yawuri da daskararren kifin da ke zuwa daga tekun Turai cikin kwali.